Abin Da Ke Cikin Shirun Budurwa

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai masu sha'awar adabi, a Kaduna



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne ƙagaggun labarai waɗanda aka gina a kan 'yan mata masu tasowa, irin waɗanda akan aurar ba da son ransu ba, a kai su gidan da suka tarar da wasu matan a ciki. Za mu fara daga nesa, watau daga ƙasar Amurka, domin a can irin wannan labari ya zama reshen adabi mai zaman kansa. Amma ba za mu daɗe a can ba. Waɗanda suka ji an ambaci Amurka suka gyara zama don jin aibin wasu, muna ba su haƙuri tun yanzu, domin hanyar za ta biyo da mu ta Zariya da Kano, ta sauke mu a Rigasa.

A yammacin Amurka akwai mabiya wata ɗariƙa da ta tsiro daga cikin Kiristanci, ana ce da su Mormon. Joseph Smith ne ya kafa ta a 1830. A farkon zamaninta ta halatta wa namiji tara mata, amma da gwamnatin ƙasar ta matsa mata lamba sai shugabanninta suka ba da sanarwar barin wannan al'ada a 1890, har ya zama babbar majami'arsu tana korar duk wanda ya aikata. Wasu 'yan tsiraru suka ƙi yarda, suka ce manyansu sun sayar da addini don tsoron hukuma. Suka ware, suka kafa garinsu a kan iyakar jihohin Yuta da Arizona, a wurin da a da ake kira Short Creek. A ƙungiyarsu wadda ta fi suna, shugaba, wanda suke kira annabi, shi ke zaɓa wa kowace yarinya miji, kuma sun ƙudurce cewa namiji ba ya kai wa ga matsayi mafi ɗaukaka a lahira sai ya tara mata uku ko fiye. To, da yake lissafi ba ya ƙarya, ba yadda za a yi matan gari ɗaya su ishi mazansa a kan wannan rabo, saboda haka sai aka shiga korar samari daga garin a kan ƙananan laifuffuka. Hukuma ta kai musu sumame a 1953, ta kuma kai wani a watan Afrilu na 2008 a gandunsu na jihar Teksas, inda aka kwashe yara fiye da 400 kafin kotu ta ba da umarnin a mayar da su ga iyayensu. A 2011 aka yanke wa shugabansu Warren Jeffs hukuncin ɗaurin rai da rai, saboda lalata da yara biyu, ɗaya 'yar shekara 12 ɗaya 'yar 15, waɗanda ya ce matansa ne.

A waɗannan shekaru ne littattafan da muke magana suka fito a jere: Sister Wife na Shelley Hrdlitschka a 2008, da The Chosen One na Carol Lynch Williams a 2009, da Keep Sweet na Michele Dominguez Greene a 2010. Bari mu ɗauki na tsakiyan. Tauraruwarsa Kyra ce, 'yar shekara 13, wadda annabin garinsu ya ce an nuna masa za ta auri ɗan'uwan mahaifinta, mutum mai shekara 60 da mata shida a gida. Yarinyar tana da wani sirri: akwai motar ɗakin karatu mai yawo da ke bi ta bayan garinsu, takan faki ido ta je ta ari littattafan da aka haramta musu. A ƙarshe a cikin wannan motar ta tsere. Idan muka duba da kyau, ginin irin waɗannan labarai kusan ɗaya ne. Akwai katanga wadda ido ke gani, akwai azzalumi guda wanda kowa ya san sunansa, akwai 'yar tagar da haske ke shigowa, sa'an nan a yi gudun dare. Da yarinya ta ƙetare ƙofa labari ya kusa ƙarewa, domin marubuciya da mai karatu sun riga sun yarda cewa bayan katangar nan akwai wata duniya mai 'yan sanda da makaranta da ke jiran ta da hannu biyu.

Kafin mu ci gaba ya wajaba mu kawar da wata fahimta, don kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce mun kwatanta Musulunci da wannan ƙungiya. Shari'a ta iyakance mata huɗu, ta gindaya sharaɗin adalci, ta haramta wa mutum 'yar ɗan'uwansa har abada, ba ta kuma san wani shugaba da zai ce an yi masa wahayi da matar wani ko 'yar wani ba. Da yawanmu a nan 'ya'yan gidajen mata biyu ne ko uku, kuma wasunmu kishiyoyin iyayensu ne suka goya su. Abin da ya haɗa mu da waɗancan littattafai abu ɗaya ne tak, watau yarinyar da manya suka gama shawara a kanta tana ɗaki, aka aiko a gaya mata.

Ita wannan yarinya ta daɗe a ƙasar Hausa kafin ta shiga littafi. Baba, mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, auren zumunci aka fara yi mata tana da kimanin shekara 14, alhali zuciyarta na wani wuri. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana da shekara 13 aka yi mata aure, kuma yaƙi da auren dole na cikin abubuwan da ta riƙa hawa dandamalin NEPU a kansu. Amma ku dubi littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A cikinsu wanda ya fi kusa da batunmu shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar na son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya shigo, dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da mai kuɗi. Daga nan labari ya ɗauki sandarsa ya bi Abubakar daji daji yana neman asirin da zai rama, ya dawo ya bi ɗan da aka haifa. Zainabu kuwa, wadda a kanta aka yi duk wannan, an kai ta ɗaki an ja ƙyaure. Marubutan ba su yi haka don mugunta ba. A lokacin abin da ake ɗauka labari shi ne abin da ya sami namiji a kan hanya, zaman mace a ɗaki kuwa ba a lissafa shi cikin abubuwan da ke faruwa.

Sai da aka shafe shekara arba'in da 'yan kai kafin ƙyauren nan ya buɗe. A 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, inda budurwa Bafilatana ta tsaya a kan wanda take so duk da danginta sun ce bare ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma sai ga ambaliyar littattafan soyayya, waɗanda marubutansu ke bugawa da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa tare da turare da man shafawa, ana karanta su a gidajen rediyo. Kowa ya san In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, inda Sumayya ta gwammace ta faɗa rijiya da a ba ta attajirin da ba ta so. A ɓangaren Ingilishi kuma Zaynab Alkali ta riga ta fitar da The Stillborn a 1984, wanda a cikinsa Faku ta bi miji birni ta tarar da uwargida, ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Amma wadda ta kama wannan batu da hannu biyu ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren kuma bai kai shekara biyu ba.

Littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 shi ya kamata mu ajiye kusa da na Amurkan nan. Abu ma shekararta 13, ita ma mai son karatu ce. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta don ganin ta isa aure. Sai ga shi ɗan'uwanta wanda aka yi mata alkawari da shi, da ya ɗanɗana boko da zaman birni, ya ce shi ba zai auri jahila ba. Ku lura da wannan ƙulli, jama'a, domin a ganinmu ya fi duk wata katanga ta Amurka ban tsoro: an hana ta ilmi don ta dace da aure, sa'an nan aka ƙi ta don ba ta da ilmi, kuma wanda ya ƙi ta ɗin irinmu ne, ɗan makaranta. Uba ya ji kunya ta rufe shi a gari, sai ya huce a kan 'yarsa, ya ba da ita ga Sarkin Noma, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai da iyali cike da gida. Balaraba ba ta ja labule a kan abin da ya sami yarinyar a ɗakin mijin ba, kuma wannan na cikin abin da ya jawo mata zagi. Abu ta gudu birni wurin 'yar'uwar iyayenta. A nan ne littattafan biyu suka rabu, domin a inda Ba'amurkiya ta ajiye alƙalami, a nan Bahaushiya ta gyara zama. Gudun bai warware kome ba. Sai da yarinyar ta koma aji, ta bi karatu shekara da shekaru har ta zama ma'aikaciyar jinya, sa'an nan waɗanda suka wulaƙanta ta suka dawo suna bukatarta.

Me ya sa labarinmu ba ya iya ƙarewa a bakin ƙofa? Dalili na farko shi ne mu ba mu da annabin ƙarya da za mu ɗora wa laifi mu huta. Wanda ya ba da Abu ubanta ne, mai sallah da azumi, wanda ya ci da ita ya tufatar da ita, kuma idan aka tambaye shi zai ce tsoron lalacewarta ya ji. Maƙwabta za su ce ya yi daidai, ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Uwarta, wadda aka yi wa irin wannan a nata zamanin, za ta share hawaye ta ce a yi haƙuri, kowa da haka ya saba. Marubucin da ya mai da uban nan dodo ya yi ƙarya, masu karatu kuma za su gane, domin sun san shi, wataƙila ma a gidansa suke karanta littafin. Aikin da ke gaban marubucinmu shi ne ya nuna yadda mutumin kirki ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya, wannan kuwa ya fi zana azzalumi wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun shari'a, wanda bai kamata 'yan makaranta su riƙa kewaye shi kamar rami ba. Mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ta ba uba ikon da ake kira ijbari, watau ya aurar da 'yarsa budurwa, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan babi. Amma malaman mazhabar sun bayyana cewa an ba shi ikon ne don maslahar 'yar, ba a yarda ya cutar da ita da shi ba. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khidam da ta kawo ƙarar mahaifinta ya aurar da ita ba ta so. A ƙasar nan ma, a tsakiyar shekarun 1980, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi ba shi da ikon komawa ya tilasta mata. Har ila yau hadisi ya yi umarni a nemi izinin budurwa, ya kuma nuna cewa shirunta yana tsayawa a matsayin yarda. Hikimar wannan a fili take: kunya kan hana yarinya ta buɗe baki ta ce tana son wane, saboda haka aka sauƙaƙa mata.

To, a nan ne muke ganin adabi ya sami aikin da ba wanda zai yi sai shi. Shiru iri iri ne. Akwai na kunya, wanda ake yi ana murmushi a cikin mayafi. Akwai kuma na tsoro, na yarinyar da aka ce idan ta musa za a tsine mata, ko a saki uwarta. Daga waje duka kamarsu ɗaya. Waliyyi yana zaure, shaidu suna masallaci, alƙali sai abin da aka kawo gabansa yake gani, wadda aka aika ta tambayo kuwa ta san amsar da ake so ta kawo. Ba mai iya shiga cikin ƙirjin yarinyar a wannan sa'a ya fito ya gaya mana wane irin shiru ne, sai mai ƙaga labari. Saboda haka idan aka ce littattafan nan suna koya wa 'ya'ya mata bijire wa iyaye, amsarmu ita ce mafi kyawunsu aikin shaida suke yi a kan sharaɗin da addini da kansa ya gindaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da bare, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Balaraba ba daga Turai ta aro fushinta ba.

Dalili na biyu da ya hana labarinmu ƙarewa a ƙofa shi ne tambayar da kowace yarinya ke yi wa kanta kafin ta ɗauki ƙunshinta: ina za ni? Kyra ta fita ta sami hukuma. 'Yar Bahaushe idan ta fita, kalmar da ke jiran ta ita ce bariki, kuma mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi kowa sanin nauyin wannan kalma, domin garinmu Turawa suka kafa shi don soja da jirgin ƙasa da ofis, kusan kowa a cikinsa baƙo ne. Tun zamanin da jirgi ke sauke mutane daga Kano da Gusau da Nguru, garin nan yake karɓar matan da suka gudo daga aure. Wadda ta yi sa'a ta sami gwaggo a Tudun Wada ko Unguwar Shanu. Wadda ba ta yi ba, gidan magajiya ne ya karɓe ta, daga nan kuma sunanta ya ɓaci har a garinsu, aka ce dama an faɗa. Ita kuma wadda ta zauna ta yi biyayya, ta zo haihuwa jikinta bai ƙosa ba, naƙuda ta daɗe babu asibiti kusa, tana iya ƙarewa a layin masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin iyakar aure, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar ta kare yara a 2018. Waɗansu daga cikin ma'aikatan da ke zaune a nan su ne za su riƙe waɗannan fayiloli. Amma doka ba ta ba yarinya ɗakin kwana a daren da ta gudo, kuma marubucin da ya manta da wannan dare bai san abin da yake rubutawa ba.

Kada a ɗauka mun zo yabon littattafanmu ne kawai. Da yawansu sun ga matsalar sun kauce mata. Sau nawa muka karanta an ceci yarinya daga hannun tsoho mai kuɗi, aka miƙa ta ga saurayi wanda ya fi shi kuɗi, mai mota da gidan sama a Malali? Watau ba cinikin ne ya dami marubucin ba, mai sayen ne bai yi masa ba. Sau nawa aka sauke dukkan laifi a kan kishiya, aka mai da ita mai bin bokaye, maigida kuwa ya fita fes kamar an yi masa asiri ne kawai? Alhali kuwa uwargidan nan da ke hararar amarya 'yar shekara 14, in an bincika, ita ma da kuka aka kawo ta gidan shekara ashirin da suka wuce, kuma a cikin ɗakinta akwai littafi guda cur wanda aka tsallake. Balaraba ta leƙa wannan ɗaki a Alhaki Kuykuyo Ne, inda ta bi Rabi, uwar 'ya'ya tara, bayan miji ya kore ta saboda amarya, kuma shi ne littafin da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Duk da waɗannan kurakurai, ba mu ga hujjar abin da aka yi a Kano a 2007 ba, lokacin da aka tara littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan makarantun mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Littafi maras kyau da mai kyau ake korarsa. Ga shi kuwa rubutun bai tsaya ba, ya koma wayoyin hannu, tun 2016 kuma gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC take karɓar gajerun labarai daga mata.

Yanzu bari mu zo Rigasa kamar yadda muka yi alkawari. Wani zai ce ai duk abin da muka faɗa na gidajen talakawa ne na yau da kullum, mu ba mu da irin waɗancan ƙungiyoyi masu katange kansu su naɗa wa kansu annabi. Muna da su, kuma tarihinsu ya fi na Amurka jini. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya mai da unguwar 'Yan Awaki ta Kano wata ƙaramar daula, inda maganarsa ita ce doka, yana tsine wa mai rediyo da mai agogo da mai keke. A faɗan Disamba 1980, bisa ƙidayar hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu, mutum 4,177 suka mutu. Almajiransa suka watsu, wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri a watan Oktoba na 1982, kwanaki kaɗan bayan haka ta tashi a nan Rigasa, inda yau muke zuwa hawa jirgin Abuja, sa'an nan Jimeta a 1984 da Gombe a 1985. A watan Agusta na 2009 kuma 'yan sanda suka tashi wani zango da ake kira Darul Islam kusa da Mokwa a Jihar Neja, inda dubban mutane suka ware da iyalansu suna zaman kansu, aka loda su a motoci aka mai da kowa jiharsa.

Idan aka ba da tarihin waɗannan wurare, lissafin da ake yi na maza ne: wane ne shugaba, nawa aka kashe, wace runduna ta shiga. Amma mutanen nan suna da mata, suna da 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun kai munzali a cikin zangon, an aurar da su ga wanda malam ya nuna. Yarinyar da aka haifa a irin wannan wuri ba ta san wata duniya ba. Mu da ke waje mu ne ɓatattu a wurinta, kuma ranar da soja suka fasa ƙofa, abin da mu muka kira ceto ita a idonta ranar da aka kashe ubanta ne. Da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, labarin irin wannan zama ya shiga littattafan Ingilishi: Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da Buried Beneath the Baobab Tree a 2018 bayan ta tattauna da waɗanda suka kuɓuto, Edna O'Brien ta ƙasar Ailan kuma ta fitar da Girl a 2019. Sun yi ƙoƙari, ba mu raina ba. Sai dai waɗannan labaran wadda aka sato ne, ta san gida, tana da inda take begen komawa. Kuma da harshen da aka rubuta su, uwar yarinyar ba za ta ji ba ko an karanta mata.

Akwai haɗari guda a cikin irin wannan rubutu, wanda ya kama na Amurka, muna kuma tsoron ya kama namu. Labarin 'yan wata ƙungiya a bayan katanga yana da daɗin karatu, domin mai karatu yakan rufe littafi yana hamdala shi ba ya cikinsu. Laifi tudu ne. Marubucin da zai shiga zangon Maitatsine, in har ya iya aikinsa, dole mai karatu ya ji kalmomin da aka lallashi amaryar can da su sun yi kama da waɗanda aka lallashi yayarsa da su a Kawo ko Badarawa, ya ji an ce mata ta yi haƙuri, an ce albarkar iyaye take nema, an kuma ɗauki sunkuyar da kanta a matsayin amsa.

Yarinyar da ke da shekara 14 a Rigasa a watan Oktoba na 1982, in Allah ya ja kwananta, yanzu ta doshi sittin. Tana iya zama mai sayar da ƙosai a bakin layinku, ko kakar wata da ke zaune a ɗakin nan. Irinta ba ta ba namiji labari, ba ta kuma ba mai riƙe da takarda da biro. 'Yan'uwanmu mata ɗalibai su ke da hanyar shiga inda take, su zauna a tabarma ɗaya, su taya ta tsince wake, su koma gobe su koma jibi, har ranar da za ta fara da kanta. In an samu, a sauya suna, a sauya unguwa, a nemi yardarta da baki, kada a ɗauki shirunta a ce ta amince. Editocin wannan mujalla kuma muna roƙonsu su ware shafi biyu a fitowa ta gaba.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.